Tulun da Aka Rufe Malam da Shi

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Hajara, ta unguwar Yelwa a nan Jalingo, wadda yara ke kira Dada mai kifi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Rabi matar ɗana ce ke riƙe da biro, ni bakina kawai na kawo. Na gaya mata tun farko: inda na yi kuka ta jira ni, inda na yi zafi ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba masa sukari.

Mijina mutumin Lau ne, mai bandar kifi. Sunansa ban kama ba yana raye, ba zan fara yanzu ba, Malam nake ce masa. Muna da ƙuruciya wata shekara kifi ya yi ƙaranci a Binuwai, ya ji labarin teku a kudancin Kamaru, muka ɗaure kaya muka tafi. Ƙauyen da muka sauka sunansa ya fi ƙarfin harshena, mu Hausawan wurin Bakin Kwakwa muke ce masa. Gidajen katako ne da rufin ganye, kwale-kwale jere a kan yashi kowanne da fentinsa, rumfunan banda suna hayaƙi safe da yamma. Akwai cocinsu mai ƙararrawa, akwai wani tsohon gidan Bature na dutse da gishiri ya cinye, akwai masallacinmu da aka haɗa da allunan tsofaffin jiragen ruwa. Bayan masallacin, a kan tudu, nan muke binne namu.

Can na haifi Sale, can ƙarfina ya ƙare, can kuma Malam ya rasu da ciwon ciki na 'yan kwanaki. Ranar da ya rasu maza suka shigo neman tukwane. Ƙasar wurin yashi ce, sai an jera rabin tukwane a kan ramin ciki kafin a tura ƙasa, in ba haka ba ta rufta wa mamaci. Kowane gida ya ba da abin da yake da shi. Ni na ba da tuluna na aure, wanda na goyo tun daga Lau. Ya taɓa tsagewa a wuya, Malam ya huda shi ya ɗinke da wayar jan ƙarfe, ɗinki karkatacce da na shekara ina yi masa tsiya a kai. Suka fita da shi, suka fita da tulun. Ni na zauna a ɗaki, kamar yadda mace ke zama. Da na gama takaba na riƙo hannun Sale muka dawo gida.

Bara, bayan ƙaramar salla, aka kira wayar Sale daga can. Marta ce, 'yar aminiyata Terez. A tsakar gidana ta girma, Hausa a bakinta kamar 'yar unguwar Barade ta Jalingo, yanzu malamar makaranta ce. Ta ce wani kamfani ya gina otal a bakin ruwa, zai kuma ƙara, tudun maƙabartarmu yake so. Ta ce tsofaffinmu duk sun mutu ko sun watse, ana neman mai haƙƙi ya zo ya tsaya gaban hukuma ya ce nasa yana kwance a wurin.

Sale ya ce, "Dada, shekara nawa yanzu? Ko ƙashi bai rage ba. Ga ƙafarki, ga aikina ba za su ba ni hutu ba."

Na ce, "Ban ce ka raka ni ba. Gaya maka nake."

Wahalar farko a bakin kogin iyaka ta tare ni, bayan Yola. Direban da ya ɗauke mu ya rantse har Garwa zai kai mu. Da muka iso ruwa ya ce mu tsallaka a kwale-kwale, ƙaninsa na jiranmu da mota a wancan gefen, an riga an sallame shi. Muka tsallaka. Babu ƙani, babu mota, sai 'yan acaba zaune a inuwa suna kallonmu. Muka waiga, ga direbanmu can yana juya kan mota.

Ɗaya daga cikinsu ya ce da Fillanci, "Dada, kullum haka yake yi."

Na ce, "Ku da kuka sani, me ya hana ku ɗaga murya tun muna can?"

Ya ce, "Da mun ɗaga, wa za mu ɗauka?"

Haka na hau babur da tsufana, ƙullin kayana a ciki, ina salati a kowane rami.

A Garwa na nemi a nuna mini kogi. Binuwai ɗinmu ne dai, shi ne ke gangarawa ya bi ta Lau. Na tsuguna na wanke fuska, na ce wa ruwan ya gaida gida. A nan kewa ta fara kama ni, alhali ko rabin tafiya ban yi ba.

Tsakanin Garwa da Ngaundare wasu jami'ai masu tare hanya da igiya suka sauke mu. Wani ya karɓi katina ya duba hoton, ya dube ni, ya ce wannan ba ni ba ce, ta fi ni ƙuruciya. Na ce, "Ita ai ba ta biyo hanyarku ba." 'Yan motar suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ajiye ni a rana har sai da direba ya je suka gaisa a bayan mota.

A jirgin ƙasa ƙafafuna suka kumbura kamar gora. Wata mata 'yar kudu ce a gabana, ƙatuwa, da gicciye a wuya. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta dubi ƙafar, ta ja buhunta ta ɗora mini su a kai, ta fito da man zafi ta yi ta murzawa kamar uwarta ce. Da asuba ta janye kayanta ta ba ni wurin salla. Sannan ta kwance wani rogo da suke naɗewa a ganye, ta miƙo mini. Tun da na baro Bakin Kwakwa ban ƙara jin warinsa ba. Malam na son shi da barkono da gasasshen kifi. Na riƙe shi a hannu ina kuka, ita kuma tana bubbuga gwiwata. Ko sunanta ban sani ba. Allah ya saka mata.

A Yawunde Fillancina ya mutu a baki. Tasha cike, kowa na ihu da Faransanci. Wani mai fara'a ya karɓi ƙullina zai kai mini mota, na bi shi da ido har ya shige cikin mutane. Kuka da daddawa da kilishi da turmin atamfa da na saya wa Terez, duk suka tafi. Na shiga motar teku hannu rabbana, ni da ban taɓa zuwa gidan mutum babu tsaraba ba.

Warin gishiri ne ya fara gaya mini mun iso. Idona kuwa bai gane komai ba. Kwalta ce shimfiɗe inda muke shanya komar kamun kifi. Katanga doguwa ta raba gari da ruwa, da ƙofar ƙarfe da masu gadi. Kwakwar da ta ba wa garin suna an sare, an dasa wasu gajerun itatuwa da aka ɗaure da waya don kada su faɗi. An turo mutanen gari bayan titi, an bar wa masunta wata 'yar siririyar hanya zuwa teku, wadda mutum biyu ba sa wucewa da kwando. Na ce wa direba ba nan ba ne. Ya ce nan ne.

Terez na zaune a ƙofar gida, ta ƙanƙance, ido ɗaya ya yi fari. Ta taso ta kama fuskata da hannu biyu.

"Ajara, kai ya tsufa." Hausarta ke nan tun da, ba ta taɓa raba mace da namiji ba.

Na ce, "Ke kuma yarinya kika koma? Ina haƙoranki?"

"Kifi ya cinye. Ina tsaraba?"

Na gaya mata. Ta ce ɓarawon ya ci daddawa ya mutu da wari. Muka yi dariya, muka rungume juna, dariyar ta koma kuka.

Na tambaye ta rumfunan banda. Ta ce an hana, hayaƙi na damun baƙi, yanzu sai su tafi can cikin daji su yi a ɓoye kamar masu dafa giya. Na tambayi masallaci. Ta nuna mini wani sabo na bulo a bakin titi, kyautar kamfani. Na allunan jirgi an kwashe.

Marta ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Sun kafa kwamitin 'yan gari, sun yi ta faɗa don kada a shafe tsohon ƙauyen gaba ɗaya. Sun ceci coci, sun ceci gidan Bature, sun ceci wata tsohuwar bishiya da ake yanke shari'a a gindinta.

Ta ce, "Mama, waɗannan ana ganinsu. Kaburburanmu ma suna da siminti da suna. Naku babu dutse, babu rubutu, ciyawa ta rufe. Kamfani ya ce fili ne. Kuma Sarkin Hausawa ya yarda fili ne."

Alhaji Tanimu ke nan. Bayan tafiyarmu ya zo garin da tireda, yanzu shi ke da gidan bene kusa da sabon masallaci. Na je na same shi a zaure, yana jan carbi, sanyin inji na kaɗa babbar rigarsa.

Ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Amma da kin tambaya da ba ki wahalar da kanki ba. Ƙasa duk ta Allah ce. Mu Musulmi ba ma bautar kabari."

Na ce, "Ban je Makka ba, kada ka ba ni Hajiya. Alhaji, mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu."

"Ina aka binne shi?"

"Katsina."

"To ka je Katsina ka ce a gina otal a kansa, in ka dawo sai ka yi mini wa'azi."

Yaransa suka sunkuyar da kai. Ya ce tsufa ne ke damuna. Na ce shi kuma ƙoshi.

Ranar da jami'in gwamnati ya zo, aka taru a gindin tudun: shi, da lauyan kamfani, da manajan otal, da Alhaji Tanimu, da 'yan kwamiti. Marta ce ke fassara. Jami'in bai yi mini rashin kunya ba, har kujera ya sa aka kawo. Ya tambaya ko mijina na nan a binne. Na ce yana nan. Ya ce to in tashi in nuna masa wurin.

Rabi, jira ni.

Na dubi tudun. Ciyawa ce kawai da 'yan itatuwa, gefe ɗaya kuma katangar otal ta riga ta ci. Ban taɓa taka shi ba. Duk zaman da na yi a garin nan, ko sau ɗaya. Mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta, haka aka koya mana, haka muka yi. Waɗanda suka ɗauki makarar Malam duk sun bi shi. Sale yana ƙarami aka riƙe shi a gida. Na taso tun daga Jalingo in ba da shaida a kan wurin da idona bai taɓa gani ba, kuma ban tuna da haka ba sai da aka ce in nuna.

Na ce, "Ban san wurin ba."

Marta ta fassara da ƙaramar murya. Lauyan ya yi murmushi, ya faɗi wata magana, mutanensa suka yi dariya. Na matsa wa Marta sai ta gaya mini. Ta ce cewa ya yi, matar da ba ta san kabarin mijinta ba, anya ta san mijin?

Na tashi tsaye. Na ce ta gaya masa ni na jiƙa masa baki da ruwa, ni na rufe masa ido, ni na yi masa takaba. Na ce ta gaya masa abin da ya hana ni zuwa kabarin shi ne abin da babu a gidansu, wato kunya. Ban sani ba ko ta faɗa duka.

Jami'in ya ce babu shaida, amma zai duba. Na san wannan dubawar. Sai manajan ya ce rana ta yi zafi, kowa ya shigo otal ya sha ruwa, ya kuma ga yadda kamfani ke girmama tarihin gari. Na ƙi. Marta ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, zo ki gani. Ɗaki ɗaya muka ƙwato a ciki, na kayan da. Ni na yi faɗansa."

Muka bi ta gefen wani ƙaton kwarmin wanka, ruwansa shuɗi, maza da mata kwance a bakinsa kusan tsirara, ga teku a gabansu ba su shiga ba. Na kau da kai. A ɗakin kuwa sai na ga garinmu rataye a bango. Ga filafilan kwale-kwale, ga tsohuwar koma, ga turmi. Ga allunan masallacinmu an goge su sun yi ƙyalli, an kafa su bayan teburin da ake sayar da giya. Ga hoton wata mata tana banda, an sa shi a firam, alhali mai bandar an kore ta daji.

A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi da fitila a ciki. Na leƙa. Rabin tulu ne, kwance a kan jan ƙyalle. Zanen totuwar masara a kafaɗarsa, irin na matan Lau. A wuyansa ga ɗinkin waya, ta yi kore don daɗewa, ɗinkin nan karkatacce.

Na dafa gilashin.

Na ce, "Marta, me aka rubuta a nan?"

Ta karanta da alfahari. Ta ce an rubuta tulun mutanen farko ne na bakin teku, tun kafin zuwan Turawa. Ta ce ita da kanta ta tsince shi a tarin ƙasa, ta roƙa kada a zubar.

"Wace ƙasa?"

"Wadda aka haƙo lokacin da ake yin wurin wanka."

Na juya na dubi ruwan shuɗin nan ta taga. Wani ƙato ya yi tsalle ya faɗa ciki.

Terez ta matso da idonta ɗaya, ta kanga fuska a gilashin. Ta daɗe. Sannan ta ce wa 'yarta da yarensu wata magana gajera, na ga Marta ta dafe baki. Da wannan tulun aka yi wa Marta wankan jariri, a tsakar gidana.

Na zo in hana a taɓa kabarin Malam, ashe an riga an tone shi tun kafin a kira ni. An tone shi, an ɗauke murfinsa an kunna masa fitila, baƙi suna ɗaukar hoto. Na ce a buɗe a ba ni. Manajan ya ce ya ji tausayina ƙwarai, amma kayan tarihi ne, ba a taɓawa. Lauyan ya ce tulu ai tulu ne. Alhaji Tanimu ya duba agogo ya ce lokacin azahar ya yi. Na tambaye su ina mutumin da ke ƙarƙashin tulun. Na sake tambaya. Aka kira masu gadi suka raka ni waje a hankali, kamar mahaukaciya.

Washegari da hantsi wani mutum ya yi sallama a ƙofar Terez. Baƙi ne dogo, da rigar ma'aikata. Ya gaishe ni da Fillanci, ya ce sunansa Hamadu, mutumin Marwa, shi ke tuƙa katafilar kamfani. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a ƙasa.

Ya ce, "Dada, ni na haƙa wurin. An ce mini fili ne. Da na ga tukwane a jere na san ko mene ne, haka muke yi a garinmu. Na kashe inji. Aka ce in ci gaba ko in ajiye makulli. Ina da 'ya'ya."

Na ce ya ci gaba.

Ya ce, "Da aka tashi aiki ni da wasu 'yan'uwa biyu muka koma. Muka tsince abin da za mu iya a buhunan siminti, muka haƙa rami muka sa, muka fuskantar da su gabas, muka yi addu'a. Ban san wane ne wane ba. Amma duk wanda ke ƙarƙashin tulu mai waya yana ciki, da hannuna na ɗauke shi."

Na ce ya kai ni.

Bayan otal ne, inda ake ajiye shara, jikin ɗakin janareto. Ƙasa ta yi baƙi da mai, ƙara kamar za ta fasa kunne. Ya nuna mini wani ɗan wuri da ya kewaye da duwatsu. Na ce a raina, tunda nan ba maƙabarta ba ce, bayan janareto ne, babu malamin da zai hana ni tsayawa. Na tsaya. Na yi wa Malam sallama, ban ji muryata ba saboda inji. Wannan ce ziyarata ta farko gare shi.

Hamadu ya ce in yafe masa. Na ce shi na yafe. Ban kuma faɗi sunansa ga kowa a garin ba, har na taho. Sunan da na ba ki ma, Rabi, ba nasa ba ne.

Da na gaya wa Terez inda aka sa Malam, sai ta ɗaura ɗankwali ta fita. Ta bi gida gida. Kashegari mata suka fito daga dajin da aka kora su, kowace da kwandon bandar kifi a ka, zafi-zafi daga wuta. Kirista ne kusan dukansu, wasu iyayensu ma sun ba da tukwane a zamanin da. Suka nufi ƙofar otal, ni a tsakiyarsu. Masu gadin 'ya'yan garin ne, wa zai tare uwarsa? Muka shiga ɗakin tarihi, muka zauna a kan fararen kujeru, aka sauke kwanduna aka buɗe.

Kin san warin banda a ɗakin da aka rufe tagoginsa? Kafin a jima ya kama labule, ya kama kujeru, ya hau bene. Baƙi suka fito da tawul a hanci, wasu suna ɗaukarmu a waya. Manajan ya zo yana roƙo. Terez ta ɓare kifi ta miƙa masa, ta ce wa Marta, "Gaya masa tarihi ne. Ga hotonsa can a bango, mun kawo masa warinsa."

Ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, akwai kifin da zai ishe su.

Muka wuni. Na yi azahar da la'asar a nan, ina fuskantar allunan masallacinmu, kwalabe a gabansu. Kafin magariba jami'in ya dawo, suka shiga ofis suka daɗe. Da suka fito aka ce an dakatar da aiki a sauran tudun, za a kewaye shi da waya. Aka kawo makulli. Manajan ya sa hannu zai ɗauko tulun, na ce kada ya taɓa. Marta ce ta ɗauko, tana kuka, ta sa mini a zani.

Terez ta ce in tafi da shi Jalingo, abina ne. Na kwana ina rungume da shi, kuma wallahi na so. Amma na riga na bayar tun ranar da maza suka shigo nema. Da safe Hamadu ya buɗe mini ƙasa kaɗan a bayan janareto, na kifa rabin tulun da hannuna, ɗinkin yana sama, muka mayar da ƙasa. Na ce wa Malam ga abinka na dawo maka da shi, har yanzu ɗinkin a karkace yake.

Hanyar dawowa ban riƙe komai a cikinta ba. Na iso Jalingo da ƙullin bandar kifi da Terez ta cusa mini, da ƙafa kamar turmi. Sale ya tare ni a tasha. A cikin keke ya ce, "Dada, an samu kabarin?"

Na ce, "An samu. Ubanka yana bayan janareto."

Da dare Rabi ta ce ta ji shi yana kuka. Ya ce in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zai je. In ya so ya je ɗin, ƙafarsa ce, namiji ne, babu wanda ya taɓa hana shi.

Marta na kira lokaci lokaci. Wayar da aka kewaye tudun da ita tana nan, amma ta ce kwanan baya ta ga wasu da abin awo suna zagayawa. A akwatin gilashin kuma an sa wani tulu sabo da aka sayo a kasuwa aka shafa masa toka. Rubutun ba a canza ba.

Rabi ta ce in rufe da yafiya, wai haka ya fi kyau ga mai shekaruna. Na yafe wa direban kogi, na yafe wa ɓarawon Yawunde, ya ci daddawarsa lafiya. Lauyan ma bai san mu ba, haya aka ɗauko bakinsa. Amma wanda ya san yadda muke binne namu, ya san don me ba ma sa dutse, ya tsaya gaban hukuma da carbi a hannu ya ce fili ne, shi kam Allah ya isa tsakanina da shi. Rubuta haka, Rabi. Kada ki goge. Ajiye biron, ki ba ni ruwa.